Rufu'ar "wassabi'una" a Ma'ida ta ɗaure min kai

Assalamu alaikum malamai. Na maƙale a i'irabin (matsayin kalma a nahawun Larabci) "wassabi'una" a Suratul Ma'ida aya ta 69. Baƙara 62 da Hajji 17 sun zo da "wassabi'ina" da nasaba, aɗafi (haɗawa da "wa") a kan ismin "inna", wato "allazina amanu". A Ma'ida kuma sai ga "wassabi'una" da rufu'a.

Na bi ra'ayin Sibawaihi, malamin nahawu, cewa mubtada'i ne da aka shafe habarinsa, wato "kazalika". Wannan ya zauna min. Ɗaya ra'ayin kuwa, na aɗafi a kan mahallin ismin "inna", Basarawa (malaman nahawu na Basra) ba su yarda da shi kafin habari ya zo.

Matsalar ita ce "wannasara" da ke biye, don wasali ba ya bayyana a ƙarshenta. A ra'ayin Sibawaihi, tana bin "wassabi'una" ne da rufu'a, ko tana komawa ismin "inna" da nasaba?