Bikin finafinai na Kolkata: na masu kallo ne ko na 'yan boko?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Na ga ana ta zuzuta bikin finafinan nan na Kolkata, babban birnin jihar Bengal ta Yamma a Indiya, inda ake yaren Bengali. Ni fa ra'ayina, taron 'yan boko ne kawai. Fim ɗin Bengali ba rawa, ba waƙa, ba bos, sai ka zauna awa biyu ana nuna maka tsohuwa ta yi tagumi a bakin taga. Wannan ba shi muka sani da fim ɗin Indiya ba.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Yaya, ka yi kuɗin goro. Tun 1995 ake bikin nan, cibiyarsa gidan sinima na Nandan, kuma mutanen gari layi suke yi su shiga. Amitabh da Shah Rukh Khan sun sha halartar buɗe shi. Su ma 'yan bokon ne?

Baban Khalifa: Ai gayyato su ake yi don taro ya cika. Hujjata ma kika ƙara wa ƙarfi, ƙanwata.

Malam Habu: Baban Khalifa, tsakaninka da Allah, sau nawa ka kalli Disco Dancer?

Baban Khalifa: Ba ya ƙirguwa, Malam.

Malam Habu: To Mithun, jarumin fim ɗin, ɗan Bengal ne. Fim ɗinsa na farko, Mrigayaa, na 1976, darakta Mrinal Sen ne ya yi shi, ɗaya daga cikin waɗanda kake kira 'yan boko, kuma da shi Mithun ya ci lambar gwarzon jarumi ta ƙasa. Devdas da Shah Rukh ya fito a 2002, asalinsa littafin Bengali ne na 1917. Jaya, matar Amitabh, a hannun Satyajit Ray, babban daraktan finafinan Bengali, ta fara fim a 1963. Kishore Kumar da R.D. Burman, waɗanda muryarsu da kiɗansu suka raine mu, duk tsatson can ne. Ka daɗe kana shan ruwan rijiyar, yau kuma kake zagin wanda ya haƙa ta.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, duk tarihi ka kawo. Maganar na yanzu ake. A gidan kallo, sa wa yara fim ɗin Kudancin Indiya mai fassarar Hausa ka ga benci ya cika, har da na tsaye. Wa ya taɓa fassara na Bengali? RRR, fim ɗin Telugu, har Oscar waƙarsa ta ci a 2023.

Maman Ilham: Rashin fassara ai ba laifin fim ba ne, mai fassara kasuwa yake bi. Kuma in lamba ce, fim ɗin darakta Payal Kapadia ya ɗauki lambar Grand Prix a bikin finafinai na Cannes ta Faransa a 2024. Labarin ma'aikatan jinya ne 'yan Kerala da ke aiki a Mumbai, ba faɗa ko ɗaya. Irinsu, in ba a biki ba, ina za su samu allo?

Ɗan Fagge: Shi ma ba Bengali ba ne, Anti.

Maman Ilham: Na sani. Bikin ai ba na Bengali kaɗai ba ne, har daga ƙasashen waje ake kawowa.

Malam Habu: Kuma a daina cewa ba sa waƙa. Tollygunge, unguwar 'yan fim ta Kolkata, tana fitar da na kasuwa masu rawa da duka, jarumai irin su Dev da Jeet. Masu zaɓen finafinan biki ne ba su cika ɗaukarsu ba, a nan kam ina tare da Baban Khalifa.

Baban Khalifa: Yawwa! Ashe dai ana wariya. A ba ni guda ɗaya wanda ba zan yi barci ba, in gani.

Maman Ilham: Fara da Kahaani na 2012. Da Hindi aka yi shi, amma darakta Sujoy Ghosh ɗan can ne. Mace ce mai ciki take neman mijinta a lungunan Kolkata lokacin bikin Durga Puja.

Baban Khalifa: Akwai fassararsa?

Ɗan Fagge: Bari in tambayi masu tura finafinai a waya na bakin layinmu.