Neman kalmar Hausa: maɓallin Sync a DHIS2

Sista_Argungu: Salamu alaikum. Ran Litinin za a horar da ma'aikatan jinya 24 kan cika bayanai ta waya a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, kuma gobe takardar darasi za ta tafi wurin bugawa. Save mun sa "adana". Sync fa? Da yawansu ba su taɓa riƙe kwamfuta ba, suna danna adana su ɗauka rahoto ya tafi.

Abu Maryam: "Tura" kawai, Sista. Adana, sannan tura.

Jami'in Bayanai Jega: Tura rabin aikin ne, Malam. Sync hanya biyu yake bi: bayanan da aka cika su hau babban rumbun bayanai na intanet, sabon fom ko gyaran da aka yi daga sama ya sauko cikin waya. Wanda ya san turawa kaɗai ba zai danna ba in ba shi da sabon abu, sai ya yi ta cika tsohon fom. Ni "kai-kawo" nake gani.

Malam Na-Gwandu: Kai-kawo zirga-zirga ce, ba ta nuna an cimma komi. Abin da aka nema shi ne abin da ke waya ya dace da na rumbu. "Muwafaƙa" ita ad daidai, kuma malamanmu sun daɗe da ita cikin rubutu.

Abu Maryam: Allah gafarta Malam, ungozoma a ƙauyen Dandi za ta gane muwafaƙa? Ai Larabci ne. In aro za a yi, a ce "sinkin" yadda suke faɗi.

Malam Na-Gwandu: Larabcin da ya shekara ɗaruruwa bakinmu ba ɗaya yake da Turancin jiya ba. Komi sai a jira gidajen rediyo da Kano su yanke muna, kamar nan ba a san Hausa ba.

Sista_Argungu: Baba, don Allah, gobe ne fa.

Jami'in Bayanai Jega: Kowace aka zaɓa, a sa matakan nan a takarda. A adana. A nemi inda sabis yake, a kunna data. A danna kibau biyun nan masu zagaye, a jira. In jar alama ta fito, bai shiga ba: galibi an bar gurbin dole babu komai, ko an rufe shigar da bayanan watan. Kuma kada kowa ya goge manhajar ko ya share bayananta kafin su hau, duk abin da bai hau ba ya tafi ke nan, sai a koma rajista a sake kwafa.

Sista_Argungu: To, na rubuta "kai-kawo", da hoton maɓallin a gefe tunda Turanci za su gani a waya. A baki za mu ce "tura ka karɓo".

Malam Na-Gwandu: Ban gamsu ba. Amma ki buga, ɗiyata. In za a sake bugu a tuntuɓe ni.