Masu gwada wasana sun rabu biyu, wa zan saurara?

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gwajin wasannin kwamfuta.

Na haɗa wani ƙaramin wasa mai wasa ƙwaƙwalwa da Unity, wato manhajar haɗa wasanni, na ba mutum 12 su gwada. Waɗanda suka saba da wasanni sun ce mataki na uku ya yi sauƙi har yana gundura, sababbin shiga kuwa nan suke makalewa su ajiye. Abokaina kuma "ya yi kyau" kawai suke cewa, kunya ta hana su faɗin gaskiya. Sai da na zauna bayansu na yi shiru, na ga yadda suke ta danna wurin da ba ya aiki.

Abin da ya fi damuna, a Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, mai saye na iya neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14 idan bai kai awa 2 yana wasan ba. Ke nan farkon wasan ne zai riƙe mutum ko ya kore shi.

In ƙara zaɓin sauƙi da wahala ne, ko in zaɓi rukuni ɗaya in gina musu? Kuma wace tambaya kuke yi wa mai gwaji har ya faɗi ainihin inda ya gaji? Na gwada takardar tambayoyi, amsoshin duk guntaye ne.