Ya ce "to, in sha Allah", amma bai yi ba: yaya kuke yi da irinsu?

Mai horar da 'yan tireda, Gombe: Assalamu alaikum. Ina da wani yaro mai shagon tireda a Pantami. Da ƙafarsa ya zo ya ce yana so ya buɗe shago na biyu kafin babbar sallah. Na ce ya sayi littafi ya riƙa rubuta cinikin kowace rana, abin da ya shigo da abin da ya fita. Mako huɗu ke nan, duk Asabar sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce "to Malam, in sha Allah", littafin kuwa fari fat. Ba rashin kunya yake min ba, ladabin nasa ma shi ke ɗaure min hannu. Masu koyarwa, me kuka gani?

Mai koyar da ɗinki, Jekadafari: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara bincika ko burin nasa ne. Na yi wata shida ina fama da wata yarinya, ko wuyan riga ta kasa yankawa daidai. Ranar da na tambaye ta wa ya ce ta zo, sai ta sunkuyar da kai ta ce Umma ce. Ita lalle take so. Na je har gida na roƙi mahaifiyarta, yanzu amare ke neman ta. "To" ɗin yaranmu sau da yawa girmamawa ce kawai, ba alkawari ba ne.

Malamin hadda, Bolari: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma akwai wanda burin nasa ne, girman aikin ne ke karya masa gwiwa. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, ka ga 480 ke nan. Magidanci mai fita kasuwa in ya lissafa wannan sai ya ajiye. Ni na daina cewa "kawo sumuni". Layi uku nake ba shi, bayan sallar asuba kafin ya tashi daga sahu, ya karanta ya turo min murya ta WhatsApp. In ya tsallake rana ba na faɗa, sai in tura masa sallama kawai, ya san abin da nake nufi. Ka ce wa yaronka ya rubuta lamba ɗaya tak, kuɗin da ke aljihun tebur lokacin rufe shago.

Mai kiwon kaji, Kumo: Ku yi haƙuri, ni lallashi ya ishe ni. Da kyauta nake koyarwa, na rubuta wa wani ranakun rigakafin Gumboro da Lasota a takarda, ya ce to. Bai yi ba, cuta ta shiga, kajin suka ƙare, ya dawo yana cewa ƙaddara. Tun daga nan sai ka ajiye kuɗi a hannuna, in ka cika sharuɗɗan in mayar maka. Abin banza ba ya daraja.

Mai koyar da ɗinki, Jekadafari: Alhaji, wanda bai da na ajiyewar fa?

Mai kiwon kaji, Kumo: Ya zo ya share ɗakin kaji mako biyu. Shi ma biya ne.

Mai sayar da atamfa, babbar kasuwa: Bari in yi magana ta ɓangaren masu ƙin yi, domin na taɓa zama ɗaya daga ciki. Antin da ke ba ni shawara ta ce in raba jari da kuɗin cefane. Na fi wata biyu ina yi mata hanya-hanya, har wayarta nake ƙin ɗagawa. Ba lalaci ba ne. Na san in na rubuta za ta ga na ci rabin jarin a biki da zubin adashe, kunyar hakan ce ta hana ni. Ba ta matsa min ba. Rana ɗaya ta zauna a shagona ta ba ni labarin yadda ita ma jarinta ya taɓa karyewa, sannan ta ce mu ƙirga turamen da suka rage tare. Malam, kada ka tambaye shi a gaban sauran ɗalibai.

Mai horar da 'yan tireda, Gombe: Na gode muku duka. Jiya bayan isha'i na same shi a shago shi kaɗai, na sayi lemo na zauna. Ashe bashi ne. Kawunsa da ya ba shi jarin yana aiko yara su ɗauki sukari da madara da taliya "a rubuta", shi kuma yana ganin rubuta sunan kawu a littafin bashi cin fuska ne. Mun yarda zai riƙa rubuta kayan a shafin baya ba tare da suna ba. Maganar shago na biyu mun ɗage ta. Yau da dare nake jiran lambar farko, kamar yadda Malamin Bolari ya ce.