Neman Shawara: Gobara ta cinye mini falo, kamfanin inshora ya ce rabin kuɗin gyara zai biya

Mai tambaya, daga Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan jiya, da aka dawo da wutar lantarki cikin dare, gobara ta tashi a falona, ta cinye silin da katakon rufi, kwanon kuma duk ya lanƙwashe. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni. Marigayi maigidana ya yi wa gidan inshorar naira miliyan 15 a shekarar 2019, kuma ban taɓa fashin biyan kuɗin shekara ba. Magini da kafinta sun ƙiyasta gyaran a kan miliyan 8, amma bayan kamfanin ya turo mai tantance asara, sai aka aiko mini da takardar sallama mai naira miliyan 3 da dubu 800, aka ce in sa hannu a biya ni. Shin haka ake yi, ko kuwa ana so a danne mini haƙƙi ne don an ga ni mace ce? Ga damina ta ƙarato, tamfol kawai muka shimfiɗa a saman.

Amsa daga wani tsohon ma'aikacin inshora, Malali:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kada ki sa hannu tukuna, domin takardar sallama shaida ce cewa kin amince da adadin a matsayin cikakken biya, kuma da wuya a sake buɗe maganar bayan haka. Sai dai ina zaton na gane lissafinsu. A yawancin yarjejeniyoyin inshorar gobara akwai sharaɗin da ya ce idan kuɗin da aka yi wa gida inshora bai kai abin da za a kashe wajen sake gina shi a ranar asarar ba, to kamfani zai biya gwargwadon kason da aka rufe ne kawai. Idan mai tantancewa ya ce gina irin gidanki yau zai ci miliyan 30, saboda tsadar siminti da rodi da kwano, to miliyan 15 rabi ke nan, rabin miliyan 8 kuwa miliyan 4 ne. Dubu 200 da ta rage wataƙila ita ce kason farko na asara wanda yarjejeniya take ɗora wa mai gida. Ki nemi su ba ki lissafin a rubuce, ki kuma tabbatar ba su cusa kuɗin fili a cikin darajar gidan ba, domin fili ba ya ƙonewa, kuma a unguwa irin taku wannan kaɗai zai iya sauya adadin sosai.

Amsa daga wata 'yar'uwa, Barnawa:
Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Ki adana rahoton 'yan kwana-kwana da hotunan ɓarnar da rasidin biyanki na bana. Ki duba kuma ko inshorar ta haɗa da kayan ɗaki, saboda galibi gini daban ake rubutawa, kujeru da talabijin daban.

Amsa daga wani Malam, Tudun Wada:
Tunda sunan marigayi ne a takardar, mai yiwuwa su nemi takardar kotu ta rabon gado kafin su saki kuɗin, don haka gara ki fara nemanta yanzu. Idan kuma kun kasa daidaitawa, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora da na takaful (inshorar Musulunci) tana karɓar koke a rubuce.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko takardar na duba, gini kaɗai aka rubuta, babu kayan ɗaki. Ranar Litinin in sha Allahu zan je ofishinsu da ƙanin maigidan mu nemi lissafin a rubuce, mu ga yadda suka ƙiyasta darajar gidan.