Dajin kamfani: ruwa ake karewa ko kasuwa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamfanin Suntory na Japan, wanda ya sayi Lucozade da Ribena a 2013, tun 2003 yake kula da dazuzzukan da ke saman wuraren da masana'antunsa ke jan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ya fara ne a Aso, cikin lardin Kumamoto, yanzu abin ya kai kimanin hekta 12,000 a wurare sama da 20. Kamfanin ya ce ruwan da dazuzzukan ke mayarwa ƙasa ya fi ninki biyu na abin da masana'antunsa na Japan ke ja. A ganina wannan ne kiyaye muhalli na gaskiya, ya fi dashen itacen da ake yi a ɗauki hoto a watse.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Yaya, ninki biyun nan wa ya auna? Kamfanin ne ya yi lissafinsa da kansa. Mai sayar da ruwan kwalba da wiski in ya kare daji, rijiyarsa ya kare. Ba na kiran wannan alheri.

Baban Khalifa: Ai shi ma bai kira shi sadaka ba, ƙanwata. Kuma nan ƙarfin abin yake. Ruwan saman da ya sauka a dutse yakan ɗauki shekara 20 kafin ya iso inda suke ja. Wanda cinikinsa ya rataya a kan haka ba zai gaji bayan damina biyu ba. Shi ya sa yarjejeniyarsu da masu filayen take ta shekaru da dama.

Ɗan Gandun Daji: Ku ba ni dama, don aikina ke nan. Mutane na ɗauka yawan itace shi ne yawan ruwa, alhali itace ma shan ruwa yake. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan ta cika duwatsunta da itacen katako iri biyu, sugi da hinoki. Da katakon waje ya yi araha sai aka yi watsi da su ba sassabe. Suka yi cunkoso, rana ba ta isa ƙasa, ciyawa ta mutu. Na taɓa tsayawa cikin shukar itace mai irin wannan cunkoso ana ruwan sama: ƙasa tsirara, ta yi tauri kamar daɓe, ɗigon da ke faɗowa daga rassa yana fasa ta, ruwa ja yana gangarawa da ƙasar gaba ɗaya, babu abin da ke nutsewa. To babban aikin da ake yi a can rage itace ne, haske ya shiga, ƙananan tsirrai su dawo, ganye ya ruɓe, tsutsotsi su huda ƙasa ta yi laushi. Sai kuma shinge saboda barewa, don sun yi yawa har suna cinye duk abin da ya tsiro. Wannan aiki ne na gaske, ko wa ya biya kuɗinsa.

Maman Ummi: Na yarda da wannan, Malam. To namun dajin fa? Ka ga har shinge ake yi musu.

Ɗan Gandun Daji: Shingen don sauran halittu ne. In barewa ta share ƙasan daji, kwari sun tafi, ƙananan tsuntsaye sun bi su. Ma'aunin da kamfanin ya ɗauka shi ne shaho da gaggafa: in suka yi sheƙa suka ƙyanƙyashe, to akwai abinci a ƙasa da su har zuwa ciyawa. Ma'auni ne mai ma'ana.

Kawu Mai Rijiya: Yara, kada mu manta da garin Vittel a Faransa, inda ake ɗibar ruwan kwalba. A 1992 aka kafa Agrivair, wani reshe na Nestlé, ana tallafa wa manoma su rage taki da maganin feshi don kada ruwan kamfanin Nestlé ya gurɓata. Duniya ta yi ta yabo. Amma ruwan can ƙasa mai zurfi yana ta raguwa, har aka kawo shawarar a janyo wa mutanen garin ruwa ta bututu daga wani wuri, kamfani kuma ya ci gaba da ja. Sai da mutane suka tashi tsaye aka janye shawarar. Tsabtar ruwa daban, yawan abin da ake ja daban. Shekara 30 ina haƙa rijiya, na ga unguwar da rijiyoyinta suka ƙafe bayan wani mai ruwan leda ya yi burtsatse mai zurfi a gefe. Da ya dasa itace dubu ma, guga ba za ta taɓo ruwa ba.

Baban Khalifa: Kawu, wannan ta shige ni. Amma a Kumamoto ba daji kaɗai ba ne. Birnin Kumamoto mai mutum sama da 700,000 kusan duk ruwan famfonsa daga ƙarƙashin ƙasa yake, kuma gonakin shinkafa na yankin tsakiyar kogin Shirakawa suna zurar da ruwa ƙasa sosai saboda ƙasar tokar dutsen Aso mai aman wuta ce. Tun 2003 kamfanin Sony ke biyan manoma su cika gonaki da ruwa lokacin da ba a shuka ba. Suntory ma yana yin irinsa da hunturu.

Maman Ummi: Kuma a 2024 aka buɗe masana'antar TSMC, kamfanin Taiwan mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urori, a garin Kikuyo kusa da birnin, a kan wannan ruwan dai, mutanen yankin suna ta nuna damuwa. Gonakin da ke zurar da ruwan ana mai da wasu gidaje da tituna. In kowane kamfani ya zo da takardarsa ya ce ya mayar da abin da ya ja, wa zai haɗa jimilla?

Kawu Mai Rijiya: Hukuma ce, 'yata, da rijiyoyin awo nata na kanta. Kumamoto tana da su, tana kuma da dokar da ta sa masu jan ruwa da yawa neman izini da kawo rahoto. Ni a can zan duba. Baban Khalifa, ka nemo mana awon rijiyoyin nan na shekarun baya da na bana, mu ɗora shi kusa da lissafin kamfanin.

Baban Khalifa: To Kawu, zan nema in kawo in sha Allahu.