Me ya sa wayar ekstenshan take ɗaukar zafi idan an jona hitar ruwa?

Mazaunin Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum. Tun da sanyin hunturu ya kankama a Jos, kusan kowane gida a unguwarmu yana dafa ruwan wanka da hita. Na lura idan aka jona ta a ekstenshan, wayar takan yi zafi har robarta ta yi laushi, alhali wayar da ke cikin bango ba ta yin haka. Ina roƙon masana su bayyana mana dalili, da kuma ko akwai hatsari a ciki, domin akwai yara a gidan.

Malamin Kimiyya, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Malam. Duk ƙarfen da wutar lantarki ke bi ta cikinsa yana yi mata turjiya, komai ƙanƙantarta, kuma wannan turjiyar ce take juya wani kaso na wutar ya koma zafi. Masanin Ingila James Prescott Joule ne ya auna wannan a wajajen 1840, ya gano cewa zafin yana ƙaruwa da girman turjiya da tsawon lokaci, amma game da yawan wutar da ke gudana lissafin ya fi tsanani: idan ta ninka sau biyu, zafin ninkawa yake yi sau huɗu.

Ga misali da wutar gidajenmu mai bolt 230 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wutar). Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya). Idan aka ƙara dutsen guga mai wat 1,000 a ekstenshan ɗin, wutar ta ƙaru da rabi kawai, amma zafin da wayar ke fitarwa ya haura ninki biyu. Wannan ne mutane ba sa hange, domin suna ganin ƙarin abu guda ne kawai suka yi.

Bambancin wayoyin kuwa kauri ne. Siririyar waya da doguwar waya sun fi yin turjiya. Wayar soket ta cikin bango yawanci mai murabba'in milimita 2.5 ce, yawancin ekstenshan masu araha kuwa ba su kusa da haka ba. Ita kanta hitar da gangan aka yi ta da ƙarfen nikel da kuromiyam mai turjiya sosai, don zafin ya taru a cikin ruwa, inda ake bukatarsa.

Mai Wayarin Gidaje, Farin Gada:
Bayanin Malam ya gamsar, sai dai zan ƙara abin da muke gani a wurin aiki. Sau da yawa ba tsakiyar waya ke fara ƙonewa ba, bakin fulogi ne ko cikin soket, inda noti ya saki ko ƙarfen ya yi tsatsa. Wurin da haɗi bai kama da kyau ba yana da turjiya mai yawa a ɗan ƙaramin waje, shi ya sa za ka ga bakin soket ya yi baƙi. Akwai kuma wayoyin da ake sayarwa a matsayin jan ƙarfe, alhali alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kuma alminiyam bai wuce kashi 60 da 'yan kai cikin ɗari na jan ƙarfe ba wajen ɗaukar wuta.

Hatsari kam akwai shi. Robar wayar gida an yi ta ne don ta jure zafin digiri 70, kuma idan ta daɗe tana wuce haka sai ta bushe ta tsage, wayoyi su haɗu. Abin da ya fi damuna shi ne masu cire fiyus mai amfiya 13 daga fulogi su ɗaura waya a madadinsa. Fiyus an yi shi ne don ya narke kafin wayar da ke jikin fulogin ta kama da wuta, wanda ya cire shi ya cire mai gadin gidansa ne da hannunsa. Ka jona hitar kai tsaye a soket na bango, kuma kada ka bar ekstenshan a nannaɗe ko a ƙarƙashin darduma, domin zafin ba ya samun hanyar fita.

Ɗalibar Injiniyanci, Jami'ar Jos:
Wannan dokar ta Joule da Malam ya bayyana ce ta sa manyan layukan ƙasar nan suke ɗaukar wuta a bolt 330,000 da 132,000. Idan aka ɗaga bolt, wutar da ke gudana a waya takan ragu ba tare da ƙarfin da ake isarwa ya ragu ba, sai asarar zafi a hanya ta faɗi ƙwarai, daga baya taransfoma ta sauke ta kusa da gidaje.

Mazaunin Anguwan Rogo:
Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Maigida mai wayarin, shin ekstenshan da robarta ta riga ta yi laushi za ta iya ci gaba da aiki da caja da fitila?

Mai Wayarin Gidaje, Farin Gada:
A'a, Malam, ka daina amfani da ita gaba ɗaya. Robar da ta taɓa narkewa ba ta komawa daidai, kuma tsagewar da ke ciki ido ba ya ganinta. Ka kuma sa a buɗe soket ɗin da kake jona ta a duba notinsa, bayan an kashe wutar gidan daga babban makunni.